Dokar Da Ba Ta Ce Gero Ba

Da sunan Allah da ya halicci ciki, ya halicci abin da za a zuba masa, ya bar rabon a hannun mutane. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ni ce Tasalla 'yar Jatau, maginiyar tukwane daga Gangaren Shuni a ƙasar Barkal, inda rana ke fitowa ta bayan duwatsu bakwai. Ban san baƙi ba, ban taɓa zama gaban allo ba, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba. Na ƙetare fadama a bayan kunkuru, na sha bulala a ƙasar da ba a kyauta, na tsaya gaban alƙali a birni mai farar ganuwa. Ba ganin duniya na fita ba, a shekaruna wa ke da ƙafar wannan. Yarinya na goya, ranta nake nema mata.

A shekarar da ruwa ya ƙi ɗaukewa har bayan kaka, hatsi ya yi funfuna a rumbuna. A garinmu ba wata doka kan abinci. Wanda hatsinsa ya ruɓe sai ya shanya, ya niƙa, ya gauraya da mai kyau, ya kai kasuwa. Wanda ya saya ya ci, in ya mutu a ce kwana ne ya ƙare. 'Yata Hakama tana cikin waɗanda aka ce kwanansu ya ƙare. Idanunta suka yi rawaya, cikinta ya hau, kwana tara ta tafi. Mijinta ya bi ta kafin arba'in. Suka bar mini Yalwa, 'yar shekara biyu da 'yan watanni.

Yalwa ta fara tafiya tun uwarta na raye. Bayan nan ta daina. Gashinta ya koma ja, ya yi laushi kamar gemun masara, ƙafafunta suka kumbura. In na danna yatsa a ƙaurinta, ramin yakan zauna har in gama tuƙa tuwo. Na sha ganin wannan ciwon a jikin 'ya'yan mutane, na san inda yake kai su.

Wani bafatake mai gishiri ya ce mini can gabas, bayan Fadamar Gurmi da ƙasar Dunƙule, akwai Birnin Hatimi, inda ba a sayar da gari sai doka ta duba ta buga masa shaida. Ya ce yaran birnin duk masu ciki ne, ba ka ganin ramamme. Ban tambaye shi wane irin ciki ba. Na ɗaure kasake biyu da tulu ɗaya a ƙunshi, na goya Yalwa, na ja ƙyauren ɗakina, na kama hanya.

Fadamar Gurmi ba ta ƙetaruwa da ƙafa, ba ta ƙetaruwa da kwalekwale. Wani kunkuru ne ke ratsa ta, girmansa ya kai unguwa guda, a bayansa kuma aka kafa kasuwa. Akwai rumfuna, akwai mahauta, akwai masu nono, har da ɗan masallaci da ake gyara masa alƙibla kowace safiya. Kunkurun ba ya tsayawa wuri ɗaya sau biyu. Wanda ya yi sayayya ya sauka ba zai sake ganin wanda ya sayar masa ba har abada, masu sayarwa kuma sun san da haka.

Na ba wata mai nono kasko ɗaya, ta cika mini ƙoƙo. Kafin in kai wa Yalwa baki na ɗiga a farcena. Nono tsayawa yake yi. Wannan ya gangara, ya bar farin gari a baya.

Na ce, "'Yar nan, saniyarki a rijiya take kwana?"

Ta ce, "Iya, in ba ki so ki ajiye. Kasko dai ya shiga hannu."

"Ruwan fadama ne da garin rogo."

"To ki kai ƙara mana," in ji ta. "Ga sama, ga ruwa, ki zaɓi wanda za ki kai wa."

Ban iya ƙaramar murya ba. Na faɗa yadda duk rumfunan suka ji. Nan take mahauta da masu mai suka taru, ba don nonon ba, don kowa na da nasa abin da ba ya so a ɗiga a farce. Suka ce a jefa tsohuwar a taɓo a huta. Na duba gabas da yamma, wuri ɗaya kawai na ga ba kowa: wuyan kunkurun. Suna tsoron wurin, don in ya ji haushi ya janye kansa, kasuwar duka za ta karkace cikin ruwa. Na gangara can da goyona. Fatar wuyan cike take da kaska, kowace ta kai ƙoƙon shan ruwa. Na zauna na yi ta cirewa ina jefarwa. Kunkurun ya miƙe wuya, ya lumshe ido. 'Yan kasuwa na tsaye daga sama suna zagina, ba wanda ya iya sauko da ƙafa. Tsuntsaye sun yi sheƙa a lungunan fatar, da ƙwansu na riƙe Yalwa kwana uku, har muka taɓa gaɓa.

Ƙasar Dunƙule ƙasa ce mai albarka. Gero ya fi mutum tsayi, wake na zuba a ƙasa, awaki na yawo da hantsa cike. Na yi murna. Na yi sallama a gida goma sha ɗaya, ba wanda ya ba ni ko ruwa. Sukan amsa sallama da kyau, su tambayi gajiya, su dubi yarinyar su ce Allah ya sawwaƙe, sannan su mai da hannuwansu baya. Da yawa cikinsu hannu ɗaya suke mayarwa, don shi kaɗai gare su.

A gida na goma sha biyu na tarar da wata mata sa'ata tana daka da hagu. Na daman ya ƙare a wuyan hannu. Sunanta Barira, ita ta yi mini bayani. Ta ce an taɓa yin annobar mugun abinci a ƙasar, sai manya suka kafa doka: duk wanda ya sayar ko ya ba wani abinci, wanda ya ci ya kwanta ciwo cikin kwana bakwai, a yanke hannun da ya miƙa. Ba a tambayar ko abincin ne ya jawo.

"Nawa a kan fura ya tafi," in ji ta. "Ɗan ƙanena na dama wa. Ashe da zazzaɓinsa ya zo."

Na ce, "To yanzu ba mugun abinci a ƙasarku."

"Babu kam. Ba kasuwa, ba tuwon biki, ba na suna. Kowa da tukunyarsa." Ta leƙa bayana ta dubi Yalwa. "Wannan kuwa ko zuma na ba ta, ciwon na jikinta. Hannu ɗaya ya rage mini, 'yar'uwa, da shi nake komai."

Ban roƙe ta ba. Na gyara goyo na juya.

"Sata fa," ta ce, idonta na cikin turmi, "bulala goma ce."

Na tsaya.

"Ni rijiya zan tafi. Nakan daɗe, kin ga hannu ɗaya. Akwai kunun gyaɗa a tukunyar can, akwai dafaffen wake, akwai akuya mai jego a bayan ɗaki. In na dawo dole in yi kururuwa, maƙwabta na gani."

Na ce, "Ki yi da ƙarfi. Kada su ce mun haɗa baki."

Ni da ban taɓa ɗaukar allurar wani ba, ranar na buɗe tukunyar mutane, na tatsi akuyarsu, na cika tuluna da kunu. Yalwa ta sha kaɗan, ta yi barci. Barira ta dawo ta yi kururuwar da ta isa. Aka kai ni gindin wata tsamiya, aka kwance mini goyo, aka tsula mini goma. Ban yi kuka ba, ban ba su wannan ba. Mai bulalar yana naɗe ta ya ce, "Iya, ke ce ɓarauniya ta huɗu a gidan Barira a watan nan. Matar nan ba ta da sa'a." Ɓarawo kuma ba ya kwana a ƙasarsu. Kafin la'asar suka raka ni iyaka, na ɗora Yalwa a kan sabbin raunukana, muka shiga yashi.

Kwana goma sha biyu muka yi a yashin nan. Kunun ya ƙare a na takwas. Da muka hango Birnin Hatimi, Yalwa ta daina kuka, kuma ba don ta samu sauƙi ba.

Birnin fari ne fat, ganuwa da gidaje da rumfunan kasuwa. A tsakiyarsa akwai dandali, a dandalin akwai hatimin da ya ba birnin suna. Na jan ƙarfe ne, girman faifai, yana rataye a sarƙa, yana zafi da kansa ba wuta. Kowane buhun gari ta ƙarƙashinsa yake bi. In buhun ya cika doka, hatimin ya sauko ya ƙona masa shaida. In ya saɓa, sai ya yi sanyi ya ƙi saukowa, ko wa ya kawo shi. Ba ya jin roƙo, ba ya karɓar goro. Mutanen birnin suna alfahari da shi fiye da iyayensu.

Abu biyu na lura da su kafin in kai kasuwa. Na farko, gari guda da hantsi ba ƙarar taɓarya ko ɗaya. Kowa niƙaƙƙen gari yake saye. Na biyu, yaran. Gaskiyar bafatake, duk masu ciki ne. Suna zaune a ƙofar gidaje, ciki a gaba, hannuwa kamar kara, ba mai gudu, ba mai faɗa da wani. Wata mata ta shafa cikin ɗanta ta ce mini, "Kin ga ƙoshi, baƙuwa. Garinmu in ka ci da safe yana nan zaune har gobe."

A kasuwa na miƙa tuluna ga wani mai gari, ya buɗe buhu zai auna mini. Garin fari ne kamar ƙwai. Na tsoma yatsa na kai baki, yadda kowace mace mai hankali take yi. Shekara hamsin ina ɗanɗana yumɓu kafin in yi gini. Harshena ya san farar ƙasa kamar yadda kunnena ya san sunana.

Na ce, "Malam, wannan a gona aka noma shi ko a rami aka haƙo?"

Mudun ya faɗi daga hannunsa, yana duban yatsana. Masu saye suka ja da baya. 'Yan doka biyu suka zo suka kama ni a damtse, ɗayansu ya ce, "Iya, kin ɗanɗana abin da hatimi ya riga ya shaida. Kin ƙaryata shi ke nan a bainar jama'a."

"Ƙasa ce a ciki."

"Ki faɗa wa alƙali nan da kwana uku."

Suka kai ni kurkukun mata. Mai kula da shi wata doguwa ce, Dela, mai yawan ba da haƙuri. Da azahar ta kawo mana akushi, tana ta sunne kai.

"Ki yi haƙuri, Iya. Abincin nan ba shi da hatimi. Hatimi girma ne, ba a buga wa ɗan kurkuku."

Na buɗe. Tuwon gero ne, baƙi-baƙi, da dusarsa. Miyar kuka da wake a ciki, da man gyaɗa a sama, ga nono a ƙoƙo. Na ɗiga a farce, ya tsaya. Na dubi matan da ke tsare, sai na ga tun shigowata birnin ban ga fata mai sheƙi ba sai a nan.

Na ce, "Wa ya ce a riƙa ba ku wannan?"

Dela ta ce, "Doka ce, tsohuwa ƙwarai. Wanda ya kafa birnin nan an taɓa ɗaure shi a wata ƙasa, yunwa ta kusa kashe shi. Da ya samu iko ya rubuta abin da za a ba ɗaurarre da sunansa: gero da dusarsa, wake, ganye, mai, nono. Daga gonar kurkuku ake kawowa, mu muke dakawa. Abin kunya ne, amma ba mu da ikon canzawa."

Na dama wa Yalwa kunu mai ruwa-ruwa, na riƙa ɗiga mata da ludayi, kaɗan kaɗan, don cikin da ya daɗe ba komai ba a cika shi lokaci ɗaya. Rana ta farko ta amayar. Ta biyu ya zauna. A ta uku ta jiƙa mini zane da fitsari sau huɗu, kumburin ƙafa ya fara sassautawa, ta miƙa hannu da kanta ta kama ludayin. Ina kallon wannan hannun aka zo kirana.

Alƙali Gwadabe dattijo ne mai cikakken jiki, ga muhutinsa a gefe da littafin doka. Zauren ya cika, don an daɗe ba a ga mai ɗanɗano ba. Muhuti ya karanta laifina da hukuncinsa: wata shida a kurkuku, a rana ta ƙarshe a ɗora hatimin a kan harshen da ya ƙaryata shi.

Alƙali ya ce, "Iya, kin ji. Kina da magana?"

Na ce, "Allah ya gafarta malam, na ɗanɗana, ba zan ce ban yi ba. Dokarku ta hana harshe. Ta hana wuta?"

Ya dubi muhuti. Muhuti ya buɗa shafi ya rufe, ya ce ba ta hana ba.

"To a ba ni garin kasuwa mai hatimi, a ba ni garin kurkuku, a ba ni ruwa da kara."

Aka kawo. Na kwaɓa kowanne daban, na gina ɗan kasko da wannan, na gina da wancan, na shanya su a rana a ƙofar zauren har suka sha iska. Sannan na jera kara na cinna wuta, yadda nake toya tukwanena a gida. Da wutar ta mutu na tone toka da sanda. Na garin kurkuku ya ƙone ƙurmus, na taɓa shi ya watse. Na garin kasuwa yana tsaye. Ya yi 'yan ramuka kamar rariya inda hatsin ya cinye, amma yana tsaye. Na ɗauko shi na ƙwanƙwasa da zobena, ya yi ƙara har bayan zauren. Na ajiye gaban alƙali.

Na ce, "Ga abin da 'ya'yanku ke ci. In kuna so in yi muku randa ma, a ƙaro buhu biyu."

Ba wanda ya yi dariya. Wata mata daga baya ta sauke ɗanta daga goyo tana latsa cikinsa.

Alƙali ya juya kaskon a hannunsa ya daɗe. Ya ce, "Hatimi ba ya ƙarya. Muhuti, karanta mana dokar gari, kada ka tsallake komai."

Muhuti ya karanta. "Garin da za a sayar a Birnin Hatimi ya zama fari kamar bangon zauren shari'a. Ya zama mai laushi, ya wuce rariyar doka ba saura. Buhu ya rinjayi dutsen awo."

"Ci gaba."

"Shi ke nan, Allah ya gafarta malam."

"Ba ta ce gero ba?"

"Ba ta ce ba. Ba ta ce dawa ba. Ina jin waɗanda suka rubuta sun ɗauka kowa ya san da me ake gari."

Alƙali ya ajiye kaskon a hankali. Ya ce, "Fari ne. Yana da laushi. Yana da nauyi. Masu niƙa ba su karya doka ba." Ya faɗa kamar mai haɗiye tsakuwa.

Na ce, "Allah ya gafarta malam, jikokinka wane gari suke ci?"

"Muna da gona a bayan ganuwa," ya ce, bai dube ni ba. Sannan ya gyara zama. "Iya, ke baƙuwa ce, ba ki san dokarmu ba. Na yafe miki. Ba ɗauri, ba hatimi. Sharaɗi ɗaya, ki bar birnin nan kafin rana ta faɗi."

Jama'a suka yi ta cewa an yi mini adalci. Ni kuwa lissafin hanya nake yi. A bayana yashin kwana goma sha biyu, a gabana ban san ko mene ne ba, a kasuwa ƙasa. Yarinyar da yau ne ta fara riƙe ludayi ba za ta kai kwana huɗu a goye ba.

Na ce, "Ɗan da ke goye, in an ɗaure mai goyonsa, ina ake kai shi?"

Muhuti ya ce, "Tare suke zama. Ana auna masa nasa rabon."

Buhun kasuwa na nan buɗe a tsakar zauren. Na taka na je, na tsoma yatsa har gindi, na ɗaga kowa ya gani, na kai baki.

Alƙali ya ce, "Iya, ban gani ba."

Na sake tsomawa.

"Ke tsohuwa, kin san abin da ke ƙarshen wata shidan nan kuwa?"

"Da kunnena na ji aka karanta. Yanzu kuma ba za ka ce ban san dokarku ba. Ka yi aikinka, ɗan nan, yarinya na jin yunwa."

Ya yanke hukuncin da murya ƙasa-ƙasa, aka mai da ni wurin Dela.

Wata shida na yi ina daka geron kurkuku. A wata na biyu kumburin ya tafi duka, ya bar ta ƙashi da fata, sannan tsoka ta fara zuwa. A na uku baƙin gashi ya tsiro a ƙarƙashin jan, na aske jan na binne. A na huɗu ta kama bango ta miƙe. Ta koyi ɓarna, ta zubar wa Dela miya, ta ciji 'yar wata. Na dake ta a kan cizon, raina fari.

Labarin kaskon bai tsaya a zaure ba. Mata suka fara zuwa kasuwa da goyo, su tsoma yatsa a buhu, su tsaya jiran 'yan doka. Da farko ɗaya ɗaya, daga baya goma goma. Wasu sun makara, mun wanke gawar yara bakwai a kurkukun nan. Amma da yawa sun tashi. Ɗakuna suka cika har ana kwana a tsakar gida, gonar kurkuku ta fara kasawa.

Ranar da wata shida ya cika, da hantsi, aka fito da ni dandali. A ƙofar kurkuku muka yi kiciɓis da jakai ɗauke da fararen buhuna masu hatimi, ana shigar da su. Dela na tsaye tana riƙe da hannun Yalwa, yau ko haƙuri ba ta bayar ba.

Alƙali Gwadabe na jira a gindin sarƙa. Ya rame. Ya matso ya ce mini, "Na kai maganar gaban dattawa bakwai masu gyara doka. Kalma ɗaya na roƙa a ƙara, gero. Masu niƙa suka ce in an cire ƙasar, rabin buhunan birni za su ɓace, kuma ba ƙarya suka yi ba, geron bai isa ba. Uku suka bi ni, huɗu suka ƙi. Abin da suka amince da shi, a ɗaga darajar ɗaurarru, a riƙa ba su gari mai hatimi kamar kowa."

Na ce, "Na ga darajar tana shiga a kan jakai."

"In kina da magana ki yi yanzu, Iya, tun harshen na naki."

Dandalin cike yake da mata. Na juya ga muhuti. "Kai mai littafi, dokarku ta hana sayen hatsi da ƙwayarsa daga manoma a bayan ganuwa?"

Ya duba. "Gari kawai ta ambata."

"Ta hana daka a gida?"

"Ba ta san da daka ba."

Na ɗaga murya. "To kun ji. Ba a cusa ƙasa cikin ƙwayar gero. Ku saya da ƙwayarsa ko kaɗan ne, ku sa a sassaƙa muku turmi, waɗanda suka zauna da ni a ciki sun iya daka, su koya muku. Kada ku zubar da dusar. Ku sa wake. Mai ƙaramin yaro ta fara da ruwa-ruwa." Na dubi Dela na ce ta juya wa yarinyar baya. Sannan na ce wa alƙali na gama.

Hatimin ya sauko. Bai yi sanyi ba, don hukuncin ya cika doka.

Ba zan faɗi yadda yake ba. Na farfaɗo a inuwar ganuwa, bakina cike da man shanu, wata mata da ban sani ba tana mini fifita. Kwana ashirin ban yi magana ba. Ayarin fatake ya ɗauke mu zuwa arewa, ta hanyar da ba yashi. Da muka fita ƙofar birni Yalwa ta ƙi goyo, ta taka da ƙafarta har ta gaji. Ban sake komawa ba, ban san ko sun ƙara kalmar ba. Wani matafiyi ya ce mini yanzu ana jin taɓarya a wasu unguwannin, wani ya ce an hana. Ban gani da idona ba.

Muka zauna a nan bakin Kogin Marke, na koma ginina. Magana ta dawo mini, a karkace. Ɗanɗano bai dawo ba. Zuma da toka ɗaya ne a bakina, yumɓu ma yanzu da yatsa nake gane shi. Yalwa ta girma gajeriya, ciwon ya ci mata tsayi, amma tana ɗaukar tulu biyu daga kogi, ta haifi uku, duk suna gudu. Iyakar abin da na gani ke nan, wanda ban gani ba ban ƙara ba, Allah shi ne masani.

Har yau ni ke yin miyar gidan nan, ban yarda da hannun kowa ba. Yalwa ke ɗanɗana mini. Jiya ta lasa ta ce, "Kaka, gishiri ya yi yawa."

Na ce ta ci haka nan.